Mutumin da ya shekara 55 ba ya tuna jiya: abin da wata tiyatar ƙwaƙwalwa ta bayyana game da mantuwa

A Yagwa da ƙauyukan da ke bakin kogin Logon, babur shi ne motar kowa. Da shi ake kai shinkafa kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, kuma daga kansa ake yawan faɗuwa. Iyalan da suka taɓa jinyar wanda ya bugu a ka sun san abin da kan biyo bayan sallama daga asibiti. Rauni ya warke, an cire zare, mara lafiya yana magana daidai, ya gane mahaifiyarsa, ya san sunan unguwarsu. Amma sai ya tambayi wanda ya kawo shi gida sau goma kafin azahar. A ba shi amsa ya gyaɗa kai, bayan minti biyar ya sake tambaya kamar ba a taɓa faɗa masa ba.

Daga nan ake fara raɗe-raɗi. Wasu su ce taɓin hankali ne, wasu su ce jifa ne, wasu kuma su ce da gangan yake yi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da nasu bayanin, kuma kaso mai yawa na wannan bayani ya samo asali ne daga mutum ɗaya: wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 don a raba shi da farfaɗiya, ya tashi ba ya iya adana sabon abu a kansa, ya kuma rayu a haka har shekara 55.

Tiyatar 1953

An haifi Henry Molaison a 1926 a jihar Connecticut ta Amurka. Yana yaro ya yi hatsarin keke ya bugu a ka. Wajen shekara goma ya fara samun ƙananan alamun farfaɗiya, yana shekara 16 kuma ta fara kayar da shi. Da ya kai shekara 27 abin ya gagari magungunan zamanin, har ya rasa aikinsa a masana'anta.

Wani likitan tiyata a asibitin birnin Hartford, William Scoville, ya ba da shawarar a cire sassan ƙwaƙwalwar da yake zaton daga nan farfaɗiyar ke tasowa. Ya huda ƙoƙon kan Henry wuri biyu a saman idanu, ya zuƙe wani yanki da ke can ciki, daidai saitin kunnuwa, a ɓangaren dama da na hagu. Shi kansa Scoville ya amince a rubuce cewa aikin gwaji ne.

Cikin abin da aka cire har da babban kaso na wani sashe da ake kira hipokampus, da Faransanci hippocampe. Kowane mutum yana da guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa kamar na ƙaramin yatsa, a lanƙwashe kamar ƙahon rago. An raɗa masa sunan ne saboda kamarsa da wani ƙaramin kifin teku mai kai irin na doki. Ba shi da wata alaƙa da dorinar Logon, sai dai sunayensu na Faransanci duka sun fito daga kalmar Girkanci mai nufin doki.

Farfaɗiyar ta ragu sosai. Amma tun a gadon asibiti aka ga an yi ɓarna. Henry ba ya gane ma'aikatan da ke kula da shi kullum, ba ya iya samun hanyar banɗaki, yakan ci abinci ya manta ya ci. Da aka gwada shi a watan Afrilun 1955, ya ce ana cikin watan Maris na 1953, kuma shekarunsa 27. Yakan karanta mujalla ɗaya sau da dama ba tare da ya ji ya taɓa ganinta ba. Da iyayensa suka sauya gida, ya yi watanni bai riƙe sabon adireshin ba. Duk lokacin da aka gaya masa rasuwar wani kawunsa da yake ƙauna, sai ya shiga baƙin ciki kamar yanzu ya fara ji.

Masaniyar da ta fara bincikensa ita ce Brenda Milner, daga cibiyar nazarin ƙwaƙwalwa ta birnin Montreal a Kanada. Ta riga ta ga irin wannan mantuwa a wajen wasu marasa lafiya biyu na likita Wilder Penfield, waɗanda aka yi wa aiki a ɓangare ɗaya kawai. Da ɗayansu ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar ɗaya ɓangaren da ba a taɓa ba dama can ya lalace. A 1957 Scoville da Milner suka wallafa rahoton da ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambato a fannin. Don sakaya sunansa, duniya ta san Henry da haruffa biyu kawai, H.M., har ranar da ya rasu.

Abin da bai ɓace ba

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne yawan abin da ya rage. Hankalinsa lafiya lau. A gwajin kaifin basira ya samu 112 bayan tiyata, alhali kafin ta 104 ya samu, wataƙila don farfaɗiyar ta sassauta. Harshensa bai taɓu ba. Yana da ladabi, yana barkwanci, yana son wasan cike gurbin kalmomi a jarida. Ya san ko shi wane ne, ya san iyayensa, ya san abubuwan da ya koya a makaranta da manyan labaran duniya na zamanin ƙuruciyarsa.

Kafin wannan lokaci, masana da yawa sun ɗauka tunawa a warwatse take a duk faɗin ƙwaƙwalwa, a cuɗe da basira da fahimta. Wani masani, Karl Lashley, ya shafe shekaru yana yanke sassan ƙwaƙwalwar ɓeraye yana neman inda abin da suka koya ke zaune, bai samu ba. Larurar Henry ta nuna mutum zai iya rasa ikon adana sabon abu ƙwaƙƙwaran rashi, basirarsa kuma tana nan yadda take. Ke nan mantuwa daban, hauka daban, rashin basira daban.

Riƙo na ɗan lokaci da adanawa na dindindin

Darasi na biyu ya fito ne daga lambobi. Milner ta taɓa ba Henry lamba 584 ta ce ya riƙe. Ya riƙe ta har minti 15, yana ta juya ta a ransa. Da aka ɗauke masa hankali da wata magana, lambar ta tafi, har da tunawa cewa an ba shi wata lamba.

Kowa ya san irin wannan riƙo. Wanda aka karanto wa lambar waya mai alƙaluma tara, irin ta Kamaru, yakan yi ta nanata ta har ya shigar a wayarsa. Idan wani ya yi masa sallama a tsakani, sai ya nemi a sake karanto masa. Wannan shi ne riƙo na ɗan lokaci: ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da abu shida ko bakwai, kuma yana gushewa cikin daƙiƙoƙi idan an daina nanatawa. Na Henry lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ake iya hira da shi. Amma da aka ba shi jerin lambobi da ya zarce abin da yake iya riƙewa da guda ɗaya tak, ya kasa haddace shi ko da an maimaita masa sau 25. Mai lafiya kuwa da maimaici yakan kai lambobi 20.

Manomin shinkafa da ya saba kai amfanin gonarsa sito zai gane misalin. A ƙofa akwai magatakarda mai karɓar buhu, ya rubuta na wane ne, ya nuna inda za a ajiye. Idan magatakarda ya tafi, tsofaffin buhunan da ke ciki suna nan. Sabon buhu kuwa yana kan kafaɗar ɗan dako, da zarar ya gaji ya sauke shi a waje, shi ke nan. Hipokampus shi ne wannan magatakarda. Ba shi ne siton ba, domin tsofaffin abubuwa suna zaune ne a ɓawon ƙwaƙwalwa na sama. Aikinsa shi ne ɗaure sabon abu wuri ɗaya, wato fuska da suna da wuri da lokaci, har ya zauna.

Wannan ne ya sa sabon abu ya fi tsoho saurin ɓacewa. Tun a 1881 wani masanin Faransa, Théodule Ribot, ya lura cewa mantuwa takan fara cin na kusa kafin na nesa. Tsohuwar da ke ba da labarin ranar aurenta dalla-dalla amma ta manta ko ta yi sallar la'asar ba ƙarya take yi ba. Cutar mantuwar tsufa ta Alzheimer takan fara ne daga hipokampus da maƙwabtansa, inda aka yi wa Henry aiki.

Misalin sito yana da iyaka. Abin da aka tuna ba ya fitowa a ɗinke kamar buhu, ƙwaƙwalwa tana sake haɗa shi ne duk lokacin da aka nema, shi ya sa ƴan uwa biyu kan ba da labarin rabon gado ɗaya ta hanya biyu, kowa yana rantsuwa. Binciken da aka yi wa Henry daga baya ya nuna ko abubuwan ƙuruciyarsa ya fi riƙe su a dunƙule. Ya san an yi abu kaza, amma da wuya ya kawo labarin wata rana guda da abin da aka ce da abin da ya ji. A 2007 masana a Landan suka nuna cewa masu lalataccen hipokampus suna shan wahala wajen sawwala abin da bai faru ba tukuna, kamar su kwatanta kansu a wani wuri gobe. Kayan aikin tuna jiya su ne na shirya gobe.

Hannu ya koya, mai hannu bai sani ba

Darasin da ya fi kowanne tasiri ya zo ne daga wani gwaji mai sauƙi da Milner ta wallafa a 1962. Ta ba Henry takarda mai zanen tauraro mai tsini biyar, an zagaye shi da layi biyu. Aikinsa shi ne ya bi tsakanin layukan da fensir, amma ba ya ganin hannunsa sai ta cikin madubi. Kowa yakan yi ta kuskure da farko, domin madubi yana juya hanya. Henry ya yi ta gwadawa kwana uku a jere. Kurakuransa suka riƙa raguwa kamar na kowa, kuma kowace safiya yakan ɗora daga inda ya tsaya jiya. A rana ta uku yana zana tauraron sumul. Amma duk lokacin da aka zaunar da shi sai ya ce bai taɓa yin wannan aiki ba, har ya yi mamakin yadda abin ya zo masa da sauƙi.

Wannan ya tabbatar da cewa tunawa iri-iri ce, kuma kowane iri da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Akwai sanin da ake faɗa da baki: sunan sarkin gari, farashin buhu a bara, abin da aka ci jiya. Akwai kuma sanin da ke cikin jiki: tuƙa kwalekwale, jefa birgi, taka keken ɗinki, murza babur, tuƙa tuwo. Na biyun ya dogara ne da wasu sassa daban da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa da bayanta, waɗanda wuƙar Scoville ba ta kai gare su ba. Masunci ba zai iya tuna ranar da ya koyi tsayuwa a kwalekwale ba, amma ƙafafunsa sun sani.

An ga haka a wasu mutanen ma. Clive Wearing, wani makaɗi a Ingila, ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwarsa a 1985 ta bar shi da mantuwar da ta fi ta Henry tsanani, ba ya riƙe abu fiye da ƴan daƙiƙoƙi. Duk da haka yana kaɗa fiyano, yana jagorantar mawaƙa, yana kuma gane matarsa da murna duk lokacin da ta shigo.

Henry ma ya ɗan koyi wasu sababbin abubuwa, a hankali ƙwarai, ta hanyar maimaici na shekaru. Ya iya zana taswirar ɗakunan gidan da suka koma bayan tiyata, domin ya yi shekaru yana zirga-zirga a cikinsa. Da ya tsufa ya koyi tafiya da ƙarfen dogarawa.

Abin da zuciya ke riƙewa

Akwai wani iri na uku da ya fi shafar masu jinya. A 1911 wani likitan Switzerland, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata mara lafiya da ba ta gane shi ko da ya fita ya dawo bayan ƴan mintoci. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannunsa ya gaisa da ita, allurar ta soke ta. Da ya sake miƙo hannu daga baya sai ta ƙi karɓa, alhali ba ta tuna abin da ya faru ba.

A 2010 masana a Jami'ar Iowa ta Amurka suka nuna wa masu irin wannan mantuwa gajerun finafinai na ban tausayi da na ban dariya. Bayan ɗan lokaci sun manta abin da suka kalla, amma baƙin cikin ko nishaɗin ya ci gaba da zama a ransu. Ma'anar wannan a gida a fili take. Wanda aka daka wa tsawa don ya maimaita tambaya zai manta tsawar, ɓacin ran kuma ya wuni tare da shi bai san dalili ba. Wanda aka zo gaishe shi aka yi hira da dariya zai manta wanda ya zo, amma sanyin ziyarar zai daɗe. Masu cewa zuwa duba shi ɓata lokaci ne tunda ba zai tuna ba sun yi kuskure.

Ba sai an yi tiyata ba

Irin aikin da aka yi wa Henry an daina shi. Amma hipokampus sashe ne mai saurin jin jiki, kuma abubuwan da ke lalata shi suna nan a yankin Arewa Mai Nisa da maƙwabtansa na Chadi da Najeriya.

Na farko shi ne buguwa a ka, musamman ga ƴan acaɓa, waɗanda ake kira kilando, da fasinjojinsu marasa hular kwano. Sau da yawa mantuwar da ke biyo baya ta ɗan lokaci ce, ta sa'o'i ko kwanaki ko makonni, kuma tsawonta yana nuna wa likita girman raunin. Mintocin da suka gabaci hatsarin kuwa ƙila ba za su taɓa dawowa ba, domin ba a kai ga adana su ba. Don haka direban da ya ce bai tuna yadda aka yi karo ba yana iya zama mai gaskiya.

Na biyu shi ne rashin iskar shaƙa. Ƙwayoyin hipokampus suna cikin na farkon mutuwa idan iskar ta yanke na ƴan mintoci: wanda aka tsamo daga kogi a sume, wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da shi, wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Na uku cututtuka ne: sanƙarau, wanda yankin ke cikin zirin da ya fi addaba a Afirka, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka ga yara, da kumburin ƙwaƙwalwa. Na huɗu shi ne yawan shan barasa tare da ƙarancin abinci, wanda ke jawo rashin bitamin B1. Likitan Rasha Sergei Korsakoff ya bayyana wannan larura a 1887. Mai ita yakan cike gurbin abin da ya manta da labarin da bai faru ba, ba don ya yaudari kowa ba. Ita ce ta kama matar da Claparède ya soka da allura.

Na biyar ita ce farfaɗiyar kanta, idan an bar ta ba magani ko ta daɗe tana jijjiga mutum ba ta sake shi ba.

Kada labarin Henry ya hana neman magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Galibin masu ita ƙwaya suke buƙata, irin su fenobabital da kabamazefin, a sha kullum ba fashi.

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta a yankin akwai ƙwan wata tsutsar ciki da ke yawo tsakanin mutum da alade, wadda likitocin dabbobi suka tabbatar akwai ta a Mayo-Danay da Mayo-Kebbi ta Chadi. Ko wanda bai taɓa cin naman alade ba zai iya haɗiyar ƙwan ta ruwa ko ganyen da bahaya ya gurɓata, ya je ya zauna a ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, asibiti za a nufa.

Ga ƙalilan da magani ya gaza, ana yin tiyata a yau, amma a ɓangare ɗaya kawai, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, an auna wutar da ke gudana a cikinta, an kuma gwada ko ɗaya ɓangaren zai iya ɗaukar nauyin tunawa. Wannan taka-tsantsan daga abin da ya sami Henry aka koye shi, kuma Scoville da kansa ya gargaɗi sauran likitoci kada su maimaita aikinsa.

Labarin ya kuma bar tambaya kan izini. A 2016 jikan Scoville, ɗan jarida Luke Dittrich, ya wallafa littafi da ya tayar da muhawara kan yadda aka yi aikin, da kuma yadda mutumin da ba ya riƙe bayani zai amince a yi bincike a kansa. Duk iyalin da aka tura Marwa, Garwa, Yawunde ko Njamena don aikin ƙwaƙwalwa suna da haƙƙin su tambaya: wane sashe za a taɓa, me zai iya raguwa bayan aiki, me zai faru idan ba a yi ba. Idan likita da Faransanci yake bayani, a nemi wanda zai fassara da Hausa ko Fulatanci har a gane kafin a sa hannu.

Abin da iyali za su iya yi

Bayan buguwa a ka, wasu alamu ba sa jiran gobe: amai a kai a kai, barcin da ake tayarwa da ƙyar, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, raunin ɓarin jiki, ko ruwa da jini daga hanci ko kunne. Ko da mutum ya tashi yana magana bayan hatsari, jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali.

Idan mantuwar ta zauna, abin da aka koya daga Henry yana nuna hanya. A jingina da sassan da ke aiki. Tsarin yini ya zama iri ɗaya, buta da takalmi da magani su zauna wuri ɗaya kullum, domin maimaici yana shiga ta hanyar jiki. A fitar da tunawa waje: ƙaramin littafi a aljihu da boko ko ajami, ƙararrawar waya don lokacin magani, saƙon murya da zai iya sake saurara. A bar yi masa jarrabawa da tambayar ko ya gane wane ne wannan. Mai shigowa ya faɗi sunansa da kansa. Masu gyaran ƙwaƙwalwa sun gano cewa irin waɗannan marasa lafiya sun fi koyo idan ba a bar su suna cinka ba, domin kuskuren da suka furta shi ne kan zauna.

A kuma mayar da shi ga sana'ar da hannunsa ya sani, tare da mai lura. Tela zai iya komawa kan keke ko da ba zai riƙe wanda ya kawo ɗinkin ba, sai wani ya riƙe masa littafin awo da kuɗi. Mahaddacin da ya daɗe da haddarsa yana iya ci gaba da tilawa ko da ƙarin sabon karatu ya yi masa wuya. Harkar kuɗi, bashi da sa hannu a takarda su ne wuraren da ya fi buƙatar amintacce, domin nan ne azzalumi ke samun ƙofa.

Masu lafiya ma suna da rabonsu a darasin. Adanawa aiki ne da ke ɗaukar lokaci, kuma bincike ya nuna hipokampus yana sake bitar abin da aka koya da rana yayin barci. Ɗalibin da ya kwana bai runtsa ba a daren jarrabawar BEPC ko Bakaloriya ya hana ƙwaƙwalwarsa wannan bita. Karatun da aka rarraba a kwanaki ya fi na dare ɗaya zama, abin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya auna tun 1885, kuma abin da malaman allo ke aiki da shi idan suka hana wanke allo sai karatu ya zauna, sannan a riƙa komawa baya ana tilawa.

Ƙarshen H.M.

Daga 1962 har ƙarshen rayuwarsa, wata masaniya a cibiyar MIT, Suzanne Corkin, ta yi ta binciken Henry. Shekara 46 suna haɗuwa, bai taɓa sanin takamaimai ko ita wace ce ba. Yakan ce yana jin kamar ya san ta tun makarantar sakandare. Ya taɓa kwatanta halinsa da na wanda ya farka daga mafarki, yana ganin komai sarai amma bai san abin da ya gabata ba. Yakan kuma ce yana fata abin da ake ganowa a kansa zai taimaki wasu.

Ya rasu ranar 2 ga Disamban 2008 a wani gidan kula da tsofaffi a Connecticut, yana da shekara 82, sannan aka bayyana sunansa na gaskiya. Bayan shekara guda, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, aka daskarar da ƙwaƙwalwarsa aka yanka ta sala-sala har 2,401, aikin da ya ɗauki sa'a 53 ana nuna shi kai tsaye a intanet. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna ɓangaren baya na hipokampus ɗinsa yana nan, fiye da yadda Scoville ya zata. Sai dai mashigar da ke kai masa saƙo daga sauran ƙwaƙwalwa kusan duk an cire ta, don haka abin da ya rage ya zauna ba abin da ke isa gare shi.

Matashin da ya faɗo daga babur a hanyar Yagwa, yake tambaya ɗaya sau goma, ya fi Henry sa'a ta fuskoki da dama. Galibin masu irin rauninsa suna samun sauƙi cikin makonni ko watanni, kuma an riga an san abin da ke damunsa. Idan ya sake tambayar wanda ya kawo shi gida, a ba shi amsa cikin natsuwa, a rubuta masa ita a takarda, a ajiye inda idonsa zai kai.